Idrisa Ya Dafa Taki

Duk wanda ya taɓa cin tsire a bakin kasuwar Garwa a shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa Ngawundere ya san Idrisa, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Tsirensa ba laifi, sai dai ka tanadi ruwa a kusa saboda yaji. Ciwonsa ɗaya ne: a ganinsa Allah bai halicci abin da bai iya ba. Ka ce motarka ta ƙi tashi, ya gaya maka dalili ba tare da ya gan ta ba. Ka ce haƙorinka na ciwo, ya ce buɗe baki. Sau ɗaya tak ya shiga jirgin ƙasa, daga Ngawundere zuwa tasha ta gaba, ya dawo a bayan motar shanu, amma tun daga ranar ba ya fara magana sai ya ce, "Mu da muka ga duniya."

Yayarsa Dela kuwa ba ta ga duniya ba, lambu ta gani. Ita ce shugabar wani lambu na haɗin gwiwa a bakin kogin Binuwai, inda gida goma sha huɗu na unguwarsu ke noman albasa da kabeji da latas da tumatir, kuma yawancin masu aikin mata ne. Lambun yana kan tudu, kogin yana ƙasa, tsakaninsu hawa ne mai cire rai, kuma duk ruwan da shuka za ta sha a bokiti yake hawowa, safe da yamma. Shekara shida Dela tana wannan hawa da sauka, har kafaɗarta ta dama ta karkace.

Sai ofishin noma ya yi shela cewa zai ba da sabon famfo na hannu, mai dogon bututu har cikin kogi, ga lambun da ya fi iya haɗa takin gargajiya. Tun daga ranar matan nan ba su da wata hira sai ta famfo.

Malamin gonar da ke koya musu wani gajere ne ɗan kudu mai suna Gaston, yana zuwa a kan wani babur mai tari, yana Hausa yana cike giɓinta da Fulatanci da Faransanci. Abin da ya koyar ba wuya. A haƙa rami, a shimfiɗa karan dawa, a bi da kashin shanu, a bi da ɓawon gyaɗa da ganyen da aka tsinke da sharar madafa, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwan wanke-wanke, a rufe da ciyawa. Duk mako biyu a juya. A kafa sanda a tsakiya, in an zaro ta da ɗumi to takin yana aiki. Bayan wata uku sai ya zama baƙi, mai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Ƙwari kuma ba sai an sayi magani ba, a jiƙa ganyen dogonyaro a yayyafa wa shuka. Haka suka yi, rami huɗu, kuma wanda ya fi kyau na Inna Kaltumi ne, wata tsohuwa da ke gaida raminta kowace safiya kafin ta gaida mutane.

Saura kwana takwas alƙalin gasar ya zo, aka aiko wa Dela daga Ngawundere cewa 'yarta ta haihu. Gaston ma zai fita zagayen ƙauyuka. Kafin ya tafi ya leƙa ramukan, ya ce takin bai gama nuna ba, saura kamar mako uku, amma ba komai. Alƙali ya san aikinsa, in ya sa hannu ya ji ɗumi, ya shinshina ya ji ƙamshi, magana ta ƙare.

A tasha Dela ta miƙa wa ƙanenta mabuɗin ƙofar lambu.

"Idi, fangali shida gare ni. Ruwa kawai za ka ba su. Me na ce?"

"Ruwa."

"Kada ka taɓa rami."

"Haba Yaya, mu da muka ga duniya, rami ne zai gagare mu?"

"Ban ce zai gagare ka ba. Cewa na yi kada ka taɓa shi."

Mota ta tashi. Idrisa ya shafa aljihu ya ji mabuɗi, kuma mabuɗi a aljihun mutum irinsa ai sarauta ce.

Washegari ya hau tudun nan da bokiti sau uku, numfashinsa ya nemi ɗaukewa. Ya zauna kusa da ramin Inna Kaltumi, wai yana duba aiki.

"Inna, wannan abin wata nawa yana nan?"

"Biyu da 'yan kwanaki."

"Kuma bai nuna ba?"

"Yana kan hanya, ɗan nan."

Idrisa ya girgiza kai cikin tausayi. "Ni fatar sa nake ɗorawa da hantsi, kafin la'asar ta zama ganda mai laushi. Ku kara da ganye sun gagare ku wata biyu. Me kuka sa a ciki?"

Ta lissafa masa tun daga kara har toka.

"To ai ga matsalar nan. Ba nama. Inna, kin taɓa ganin miyar da ta yi ƙarfi ba ƙashi? Abincin ƙasa kuke dafawa, kun bar mata shi lami."

"Gaston ya ce ban da nama, ban da mai."

"Gaston a takarda ya karanta. Ni shekara ashirin ina gaban wuta." Ya miƙe tsaye, don ya lura sauran mata sun dakata da ban ruwa suna saurare, kuma Idrisa ba ya ganin masu saurare ya bar su haka. "A ba ni takin nan, kwana uku ya nuna. In ban kawo muku famfon nan ba, ni Idrisa in zama famfonku, in ɗebo muku ruwa har damina ta faɗi."

Inna Kaltumi ta juya a hankali. "Aisatu, Maimuna, kun ji?"

Suka ce sun ji.

"To mun ji alkawari. Rami kuwa ba mu ba ka ba."

Ba su ba shi ba, amma mabuɗi yana hannunsa, kuma mata safe da yamma suke zuwa. Da rana ta take, kowa na gida, sai ga Idrisa da abokinsa Mahamman mahauci suna turo amalanke. Suka haƙa wani ƙaton rami a tsakiyar lambu, suka kwashe ramukan nan huɗu suka juye a ciki. Daga nan Idrisa ya shiga gyaran miya. Ya zuba tumbi da hanjin da suka kwana a mahauta, jini bokiti biyu, kofato, da kan wata tsohuwar saniya da ba wanda ya taya, ƙahonta da komai. Ya kawo kanwa kwarya guda ya zuba, wai don ya yi saurin laushi. Ya bi da gishiri.

"Gishirin na mene ne?" in ji Mahamman.

"Ɗanɗano."

"Wa zai ɗanɗana?"

"Albasa."

Mahamman ya ci gaba da aiki, don ya daɗe da sanin cewa gardama da Idrisa ba ta ƙara wa mutum komai sai ƙishirwa. Suka rufe ramin da ɗanyar fatar sa, suka danne da duwatsu, suka kafa sanda a tsakiya.

Da yamma mata suka zo. Inna Kaltumi ta tsaya a bakin raminta ta tarar da shi wayam, ta zauna daɓas a ƙasa. Wata biyu da kwana tara tana tara ɓawon gyaɗa gida gida, tana ɗauko kashin shanu a ka daga zango, da tsufanta. Idrisa ya shirya wa zagi, har ya tanadi amsa. Tsohuwa ba ta zage shi ba. Ta dube shi, ta dubi fatar sa, ta ce, "Allah ya dawo da Dela lafiya." Wannan addu'a ta ba shi tsoro, amma bai fi na minti biyu ba.

Ƙudaje ne suka fara zuwa gaisuwa, irin koraye masu ƙugi. Idrisa ya ce alamar nasara ce, ƙuda ba ya bin abin banza. A kwana na biyu karnukan unguwa uku suka haƙa ƙarƙashin shinge, suka yi kokawa a kan latas ɗin Maimuna har ba a gane inda fangali ya fara.

"Idrisa, zo ka ga aikin baƙinka," in ji Maimuna, tana riƙe da wani ganye guda da ya tsira.

"Wannan ƙaramin abu ne. Ku da ganyen dogonyaro kuke korar ƙwari, ko ba haka ba? To abin da ɗaci ya yi, yaji ya fi shi."

Ya tafi tukubarsa ya kwaso yajin tsire rabin buhu, ya barbaɗe lambu kaf, tun daga ƙofa har bakin tudu. Abin da ya manta, shi da ke daka yajin da hannunsa, shi ne rabinsa ƙuliƙuli ne. Kafin la'asar awakin unguwa sun bi ramin da karnuka suka haƙa. Suna atishawa suna lasa, suna lasa suna atishawa, da yaji ya ishe su sai su wanke baki da kabeji. Kaji suka biyo baya. Tururuwa kuwa har layi suka yi, kamar masu jiran motar Ngawundere.

"Yanzu kuma me za ka zuba a kori awaki?" in ji Aisatu.

"Ku dai ba ku da haƙuri. Duk babban aiki da ɗan hayaniyarsa."

A kwana na huɗu fatar sa ta kumbura ta yi tozo, wani wari ya fara fita wanda ba shi da suna a Hausa ko a Fulatanci. Masunta suka matsar da kwalekwalensu can sama da gada. Masu wanki suka bar dutsen da kakanninsu suka yi wanki a kai. Sannan ungulaye suka iso. Da farko biyu, 'yan leƙen asiri, sai goma, sai aka daina ƙirga, suka cika bishiyar dogonyaron da mata ke tsinkar ganye, suka sunkuyar da kai suna jira. Har Sarkin Fawa ya aiko Mahamman ya tambaya wane ne ya kwashe masa ungulaye, don kwana biyu ke nan ba mai share masa bayan mahauta.

Idrisa ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa da hularsa don ya kore su. Ungulu uku suka koma kansa, sun sami wurin da ya fi kusa da rami.

Ranar gasa da sassafe ya zo da wankakkiyar riga, ya zaro sandar gwaji. Sanyi ƙalau, ga yauƙi, ga tsutsa tana hawa.

"Ya mutu," in ji Mahamman, yana toshe da hanci.

"Bai mutu ba. Wuta ce ta yi kaɗan. Gaston da bakinsa ya ce ɗumi ake nema. Su suna zaune suna jiran ɗumi ya zo da kansa, kamar ba a ƙirƙiro ashana ba."

Ya haƙa kogo a gefen ramin, ya cusa itace da gawayin tukuba, ya hura. Ya iya hura wuta, wannan kam ba mai ƙwace masa. Kafin hantsi hayaƙi ya turnuƙe, kitse ya fara narkewa a ƙasa, iska ta ɗauki wani abu rabinsa tsire rabinsa mushe ta kai cikin unguwa. Waɗanda rabin farko ya iske suka ce ai gwamnati ce ta yanka sa don bikin famfo, suka taho da kwanoni. Da suka iso ƙofar lambu rabi na biyu ya tarye su, amma ba wanda ya koma, don an ga alamar za a yi kallo.

Sai ga motar ofishin noma. A bayanta famfo ne ɗaure da igiya, kore shar, ko ƙura bai sha ba, bututunsa a naɗe a gefe. Matan nan suka manta da wari, suka manta da awaki, suka zuba masa ido. Inna Kaltumi har ta matsa ta shafa hannunsa.

Alƙalin, Mushe Maurice, wato Malam Maurice a bakin masu Faransanci, dogo ne mai farar riga, ya daɗe a arewa har Hausa ta zauna a bakinsa. Gaston na biye da shi, tun daga ofis yake yabon ɗalibansa. Da suka shiga ƙofa yabon ya maƙale.

Gaston ya ce, "Madam Dela fa? Rami huɗu fa? Mushe Idrisa, ina rami huɗu?"

"Na haɗe su wuri ɗaya," in ji Idrisa, ya gyara hula. "Haɗin kai, kamar yadda rediyo ke faɗa kullum."

Mushe Maurice ya ciro hankici ya rufe hanci. Ya dubi hayaƙi, ya dubi bishiya. "Waɗannan tsuntsayen na ƙungiya ne?"

"Masu sha'awa ne, Mushe."

"Taki yana hayaƙi?"

"Irin na zamani ne. A Ngawundere ma ba su kai nan ba tukuna."

Mutumin nan, a faɗi gaskiya, mai riƙon aikinsa ne. An ce ya sa hannu a taki, kuma sai ya sa. Ya naɗe hannun riga ya ce a buɗe. Idrisa ya kawar da duwatsu, ya kama gefen fata ya yaye da ƙarfi, irin yadda yake yaye takardar tsire a gaban babban baƙo. Tururi ya tashi, layin gaba na 'yan kallo ya koma layin baya. Mushe Maurice ya kau da fuska, ya cusa hannu a gefen da ba wuta, ya laluba, ya kama wani abu mai tauri ya jawo. Ƙaho ne. Ya ƙara ja, kan saniya ya biyo, ya sha kanwa ya yi laushi, yana kallonsa da ido ɗaya.

"Wannan wane irin ganye ne?"

"Ƙarin ƙarfi ne, Mushe. Shi ne sirrin."

Ungulayen da suka yi kwana huɗu suna haƙuri ba su jira ƙarin bayani ba. Suka sauko gaba ɗaya. Karnuka suka shigo ta ƙasa, awaki suka firgita suka bi ta kan tumatir. Mushe Maurice ya saki ƙaho ya ja da baya, ya ƙara ja, ya ɓace. Ya faɗa ramin Inna Kaltumi, ba a ganin komai sai takalmansa. Fatar da Idrisa ya yar ta faɗa kan bakin wuta ta watsa garwashi, ciyawar da aka shimfiɗa wa albasa don riƙe laima ta kama, daga ita sai zanar shinge.

"Ruwa!" in ji Gaston. "Ndiyam! Ruwa!"

Duk ruwan da matan suka hawo da shi tun asuba, a kan shinge ya ƙare. Idrisa na tsaye yana ba da umarni, yana nuna inda za a watsa, har wata ta watsa masa nasa rabon a fuska, kuma har yau ba a san ko kuskure ne ba.

Wuta ta mutu, hayaƙi ya lafa. A bakin ƙofar da ta rage ita kaɗai ba shinge, Dela ce tsaye da ƙunshin kaya a ka, saukarta ke nan daga mota. Ta bi lambun da kallo.

Aka jawo Mushe Maurice daga rami. Farar rigarsa ta tashi daga aiki, amma hannunsa na dunƙule da wani abu. A can kusurwar ramin ya dafa ɗan ragowar takin da shebur ɗin Idrisa bai kai gare shi ba. Ya murza shi, baƙi, mai laushi. Ya kai hanci, ya lumshe ido, a ranar nan karo na farko ke nan da ya ja numfashi da son ransa.

"Na wane ne wannan?"

Inna Kaltumi ta ɗaga hannu.

"Mama, lambu tara na zaga ban ga kamarsa ba. Da ramin nan a cike na same shi, da yanzu ana sauke famfo." Ya juye mata ɗan takin a tafin hannu. "Amma ba zan rubuta tafi ɗaya ba."

Ya shiga mota, Gaston ya bi shi ba tare da ya dubi kowa ba. Motar ta juya ta nufi wani lambu a hanyar Pitowa, koren famfo na rangaji a baya. Matan suka bi shi da kallo har ya sha kwana. Abin ya yi musu ciwo ƙwarai, kuma ko 'yan kallo masu kwanoni ba wanda ya yi dariya a lokacin.

Idrisa ya share fuska ya yi gyaran murya. "Yaya, sannu da hanya. Ai da alƙalin ya ƙara mana kwana ɗaya..."

"Me na ce maka a tasha?"

"Ruwa."

Inna Kaltumi ta ɗaure ɗan takinta a bakin zane, ta juya a hankali. "Aisatu, Maimuna, me kuka ji ranar nan?"

Suka faɗa, kalma ba ta ɓace ba. Dela ta saurara har ƙarshe, ta sauke kayanta, ta shiga rumfar ajiya ta fito da bokiti biyu manya da sandar ratayawa. Ta ɗora masa a kafaɗa da hannunta, har ta gyara masa zaman sandar.

"Damina saura wata huɗu, Idi. Fangali tamanin da ɗaya ne. Fara da na Inna."

Aka binne babban rami da abin da ke cikinsa, aka gyara shinge, aka sake cika ƙananan ramuka da kara da toka da ɓawon gyaɗa. Ungulaye suka koma wa Sarkin Fawa. Idrisa kuwa safe da yamma yana kan tudu, hawa da sauka, kuma ba a barinsa ya matsa kusa da rami sai in ruwa zai zuba, shi ma Inna Kaltumi na tsaye a kansa. A watannin nan huɗu Dela ba ta ɗauki bokiti ko sau ɗaya ba.

In kana zaton bakinsa ya mutu, ba ka san shi ba. Wata rana da la'asar wani direban motar auduga ya tsaya sayen tsire ya ce, "Idi, an ce ka sa 'yan lambu sun rasa famfo."

"Wa ya gaya maka? Na yi alkawarin famfo, na cika. Je ka duba ko akwai fangalin da ya wuni da ƙishi. Nasu na Pitowa sai an danna, sai an sa mai. Mu da muka ga duniya..."

Daga tsallaken titi Dela ta ajiye kwandon latas, ko ɗaga murya ba ta yi sosai ba.

"Famfo, kabeji na jira."

Idrisa ya bar wa Mahamman tukuba, ya ɗauki sandarsa.